Akwatin Wuta Shi Ne Shaidar Gida

Ya ku malamai da fatake, ku sani duk wanda ya tashi sayen gida a Rano ko Kibiya, kada fenti ya ruɗe shi. Fenti riga ce, aibi yana ƙarƙashinta.

Farkon abin dubawa shi ne akwatin wuta, inda wayar KEDCO, kamfanin da ya karɓi rabon lantarkin Kano a 2013, take shiga ta rarrabu zuwa ɗakuna. Mai gyaran wuta zai buɗe shi, ba mai saye ba, gama lantarki yana kisa. In an ɗaure fis da guntun waya, to, wuta ba za ta yanke ba sa'ad da kaya suka yi yawa, sai waya ta yi zafi, gobara ta tashi. Wayar soket ta zama ta jan ƙarfe mai lamba 2.5, ta fitila 1.5. A nemi sandar ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa, da makunnin da ke raba janareta da wutar kamfani. A tambayi bashin mita.

Wanda ya yi ha'inci a waya, da wuya ya bar bulo. A kankare bulon da makulli, in ya zube kamar gari, an rage siminti. A koma cikin Agusta, a duba rufi da gindin bango.

Risalar Ibnu Abi Zaid ta hana ɓoye aibi a ciniki, Malikiyya kuma sun ba mai saye ikon mayar da gida in aibin babba ne. Amma shari'a doguwa ce, dubawa kafin biya ta fi sauƙi. Wassalam.