Daga gareji sai ƙin tashi: abin da ya kamata a duba kafin a sayi sabuwar ƙwaƙwalwar mota

Motar ta shiga gareji ne don ɗan gyara a bayan sitiyari, ta kuma fito lafiya. Bayan kwana biyu sai ta soma halinta: da safe ta tashi, da rana a bakin kasuwa a murɗa makulli, inji ya yi ta juyawa amma ya ƙi kamawa. Masu motocin hannu a Maraɗi, Damagaram da Yamai sun san wannan ciwon kai, sun kuma san amsar da ake yawan ba su: ƙwaƙwalwa ta mutu, a kawo kuɗin wata.

Sau da yawa ƙwaƙwalwar lafiyarta lau. Tun 1998 sabbin motoci a ƙasashe irin su Jamus da Ingila ke fitowa da na'urar hana sata. Akwai ɗan ƙanƙanin guntu a cikin kan makulli, da wani zobe da ya kewaye ramin da ake cusa shi. Zoben ke karanta lambar guntun ya miƙa wa ƙwaƙwalwa. In lambar ba ta iso ba, sai a hana inji mai ko wuta. Alamarta ita ce fitila mai siffar makulli ko kwaɗo da ke ta ƙiftawa a gaban direba lokacin tayarwa.

To me ya haɗa wannan da gyara? Hannun bakanike. Soket ɗin zoben da aka zare ba a mayar da shi ya zauna daram ba, ko wayar da ke haɗa batir da jikin mota da aka bari sako-sako: rami ɗaya a hanya ya isa ya raba su, wani ramin ya sake haɗa su. Shi ya sa matsalar ke zuwa tana tafiya. Batir mai rauni ma na jawo haka. Cikakke yana nuna wajen volt 12.6, kuma in ya faɗi ƙasa da 10 lokacin tayarwa, shi ne abin tuhuma na farko.

In fitilar ta mutu yadda ta saba amma motar ta ƙi tashi, a nemi laifin a wani wuri, kamar famfon mai. Na'urar bincike da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari na raba gardama, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na ƙwaƙwalwa ba, wadda ko an saya sai an daidaita ta da makullin.

Gwaji mafi arha shi ne makulli na biyu, sai dai motoci da yawa da ɗaya suke isowa. 'Yan ci-rani masu aiko wa gida mota daga Turai su tabbata sun haɗo da shi, domin wanda ake yankawa a kasuwa ba tare da guntu ba ƙofa kawai zai buɗe.