Su a Ruwan Chesapeake Lokacin Zafi

Kogin Potomac, wanda ya ratsa birnin Washington, yana zuba ne a mashigin tekun Chesapeake kusa da Point Lookout a jihar Maryland. A can ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri, kuma zurfin mashigin a matsakaici bai wuce mita 7 ba. Daga Yuni zuwa Satumba, kifin redfish da trout mai ɗigo-ɗigo sukan hauro wuraren da ruwa bai kai ƙugu ba, musamman wajen Tangier Sound, suna farautar ƙaguwa da jatan lande cikin ciyawar ƙarƙashin ruwa.

Redfish launinsa na jan ƙarfe ne, da baƙin tabo a gindin wutsiya. Idan yana tonon laka, wutsiyar kan leƙo sama, ita ce ke tona masa asiri. Masunta kan fita da asuba ko gab da magariba, lokacin da ruwa ke cikowa, su lallaɓa da ƙaramin kwalekwale, domin motsi kaɗan ke tarwatsa garken. Da fatsa ake kamun, kuma doka ta wajabta sakin manyan redfish masu haihuwa. Trout kuwa ba ya jure sanyi. Hunturu mai tsanani kan kashe shi da yawa.