Salansar "Ƙarin Ƙarfi": Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai

Tun kafin in ga motar na ji ta. Ina zaune a zaure bayan La'asar sai wani irin rugugi ya cika layinmu, har na ɗauka tirela ce ta ɓace hanya ta shigo unguwa. Da na leƙa, ashe ƙanena ne da a-kori-kurarsa ƙirar Toyota Hilux, wadda yake ɗauko doya da ita daga Lafiya zuwa nan Jos. Ya sauko yana fara'a, ya ce, "Yaya, ka ji muryarta kuwa? Sabuwar salansa na sa mata, irin ta Amurka. Mai kayan ya rantse mini an ƙara mata doki 20." Da na tambayi abin da ya kashe, sai na ga ya haura ribar sawu uku, ga shi kuma saura mako biyu a koma makaranta, kuɗin yara bai haɗu ba.

Mai karatu, da abin ya tsaya a gidanmu da ban ɗauki alƙalami ba. Amma yayi ne da ya daɗe a wurin samari masu babura, waɗanda ke huda salansa ko su zare mata hanji, yanzu kuma ya kai ga masu a-kori-kura da direbobin tifa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuwa, duk nairar da mai mota zai kashe ta cancanci a tambaye ta abin da za ta dawo da shi. Tambayar ita ce, shin salansar nan tana ƙara wa mota ƙarfi da gaske, ko kuwa kunne ne kawai ake ruɗa?

Inji numfashi yake yi. Yana shaƙar iska da mai, fistin ya matse su, tartsatsin filogi ya kunna su, sannan bawul ya buɗe hayaƙi ya fita da zafi da ƙarfi. Inji mai silinda 4 da ke juyi 3,000 a minti ɗaya yana yin wannan fashewa sau 100 a cikin daƙiƙa guda. Aikin salansa shi ne ta lallashi wannan tsawa kafin ta isa kunnen jama'a. Wata tana yin haka ne da ɗakuna da shingayen ƙarfe a cikinta, inda amon ke karo da kansa har ya mutu. Wata kuma bututu ne mai huji-huji da aka naɗe da wani irin auduga na gilashi mai shanye ƙara. Ko ta wace hanya, tana ɗan tare wa hayaƙin hanya. A nan ne maganar mai sayarwa take da ƙwayar gaskiya, domin injin da ya fitar da numfashi cikin sauƙi ba ya ɓarnatar da ƙarfinsa wajen turo hayaƙi.

To, amma nawa ne ƙarfin da ake ceto? A Amurka, inda wannan kasuwa ta bunƙasa a tsakanin masu a-kori-kura, akwai kamfanoni irin su Flowmaster da MagnaFlow da Borla da suka yi suna a sana'ar. Can kuwa ba a auna ƙarfin mota da kunne. Akwai na'urar da ake ɗora tayoyin mota a kan wasu gangunan ƙarfe masu juyawa, a taka totur, ta rubuta ƙarfin da ke isa ƙasa. Abin da irin wannan awo ya saba nunawa shi ne, idan injin fetur ne da ba a taɓa komai nasa ba, kuma salansarsa ta asali lafiyarta ƙalau, to sauya salansa kaɗai ba ya kawo fiye da 'yan dawakai da za a ƙirga a yatsun hannu, wani lokaci ma babu ko ɗaya. Ɗan abin da ake samun kuma yana zuwa ne can ƙololuwar juyin inji.

Wannan batu na ƙarshe shi ne zuciyar maganar. Injin fetur mai lita 2.7 da ke cikin irin motar ƙanena yana ba da wajen doki 160, amma sai ya kai juyi 5,200 a minti. Wane direba ne mai hankali zai ɗauko doya ya riƙe injinsa a nan? Yawancin tafiyarsa tsakanin juyi 2,000 da 3,000 take, inda hayaƙin bai yi yawan da zai cunkushe a salansar asali ba. Abin da mai ɗaukar kaya yake bukata shi ne ƙarfin ja daga ƙasa, wanda ke tayar da mota da lodi a kan tudu. Bugu da ƙari, salansa ita ce ƙofar ƙarshe a dogon lungu. Kafin ita akwai matatar iska, da bawul-bawul, da kwamfutar da ke auna mai, da sauran bututun. Wanda ya faɗaɗa ƙofar zaure ya bar lungun gidansa yadda yake, bai ƙara yawan mutanen da za su wuce ba.

Hasali ma, akan je neman ƙiba a samo rama. Masu walda da yawa idan za su ɗaura irin wannan salansa sai su haɗa ta da ƙaton bututu, wai don hayaƙi ya sake. Alhali hayaƙin da ke gudu a bututu daidai wa daida yakan bar wani ɗan zuƙo a bayansa, wanda ke taimakawa wajen janyo hayaƙin silinda ta gaba. Idan bututun ya yi faɗi fiye da kima sai gudun ya ragu, zuƙon ya yi rauni, motar ta yi sanyi a ƙaramin juyi, wato daidai inda mai lodi ya fi bukatarta. Kanikawanmu kan fassara wannan da cewa wai inji yana son a ɗan toshe shi. Fassarar ba daidai ba ce, inji ba ya son toshiya. Amma abin da idonsu ya gani gaskiya ne.

Da yake gani ya kori ji, sai na bi ƙanena sawu guda. Mun taso daga Lafiya da lodi, muka wuce Akwanga, muka iso Hawan Kibo. Na zuba wa hannunsa ido. A inda ya saba sauko da giya, nan ya sauko da ita. A giyar da ya saba hawa da tsohuwar salansa, a ita muka hau, sai dai wannan karon ba ma jin maganar juna. Akwai ma wani lissafi da bai taɓa yi ba. Jos tana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200 daga doron teku, iskarta ba ta kai ta Lafiya kauri ba, kuma injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300. Ke nan kafin ya iso gida dutse ya riga ya karɓe masa wajen kashi 10 cikin 100, abin da ya ninka duk wata kyautar da salansa za ta iya ba shi.

Duk da haka ya dage cewa shi yana jin ƙarfin a jikinsa. Washegari na ja shi wurin wani tsohon bakanike da ya yi wa mahaifinmu aiki shekaru da dama. Na ce, "Baba, ga yaronka ya zo da gardama." Tsohon ya saurari motar, ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, ai kunnenka ne ke tuƙa ka. Ka ji rugugi, ranka ya yi daɗi, ka ƙara taka totur, ta kuwa yi gudu. Da ka taka tsohuwar haka, haka za ta yi. Je ka duba abin da kake kashewa a gidan mai." Ƙanena ya yi shiru, domin ya san tun da ya sa ta man da yake sha bai ragu ba.

Adalci ne in faɗi inda sauyin yake da amfani. Salansar da ta ruɓe ta zube a ciki, ko dutse ya lotsa ta, tana shaƙe inji da gaske, kuma duk wanda ya sauya ta zai ji motarsa ta farfaɗo. Sai dai sabuwa irin ta asali ma za ta yi masa wannan aikin. Injin gas mai turbo shi ma ya fi na fetur cin moriyar buɗaɗɗiyar hanya, saboda turbo da hayaƙi take juyawa, kuma tana son ta sami sarari a bayanta. Haka injin da aka yi wa gyare-gyaren tsere tun daga ciki. Sannan salansar da aka yi da ƙarfen da ba ya tsatsa tana daɗewa. Waɗannan duka dalilai ne, amma babu ko ɗaya da ya shafi motar ƙanena.

Maganar amo kuwa, babu musu, yana sauyawa, kuma shi ne ainihin hajar da ake sayarwa. Ba zan yi wa kowa gardamar abin da kunnensa ke so ba. Ni ma a ƙuruciya na sha tsayawa bakin titi don in ji wucewar manyan motoci. Sai dai amon da ke burge mutum na minti biyar a gareji daban yake da wanda zai zauna a cikinsa awa huɗu. Irin wannan salansa takan haifar da wani gunji mai nauyi a cikin ɗakin direba, daidai juyin da ake riƙewa a doguwar tafiya, ya sa ciwon kai da gajiya. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyakar ƙara a desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, ta yadda a desibel 94 awa ɗaya tak ta rage. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Direban da ya rasa kaifin ji ya rasa hon ɗin na bayansa, ya rasa kukan da injinsa ke yi kafin ya lalace.

Ragowar kuɗin kuma maƙwabta ke biya: mai jego da jaririnta, majinyacin da bai samu barci ba sai goshin asuba, ɗaliban da ke aji a bakin hanya. Ko a Amurkar da ake kwaikwayo, jihar Kalifoniya ta ƙayyade wa ƙananan motoci desibel 95. Mu ma muna da ƙa'idojin hana yawan ƙara da aka fitar a 2009 ƙarƙashin hukumar kula da muhalli ta NESREA, sai dai a iya zamana a unguwarmu ban taɓa ganin an tsayar da mota a kansu ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai sai da Baba ya kwanta ƙarƙashin motar ya fito da shi. Akwai wani tulu a gaban salansa mai tace gubar hayaƙi, wanda kanikawa ke kira "indomi" saboda cikinsa ya yi kama da taliyar. Yana ɗauke da ma'adinai masu tsada irin su filatinam, shi ya sa yake da kasuwa. Wanda ya yi wa ƙanena aiki ya yanke shi ya sa bututu a gurbinsa, ya ce masa shi ma yana rage gudu, kuma bai ba shi abinsa ba. Yanzu ga fitilar gargaɗi a kunne a gaban direba, ga hayaƙi mai yaji, ga wata walda da ke yoyo daidai ƙarƙashin kujera. A cikin hayaƙin nan akwai gubar da ba ta da wari ko launi, mai sa direba gyangyaɗi yana tuƙi.

Baba ya toshe yoyon a ranar. Ƙanena ya koma neman tsohuwar salansarsa da tulun, aka ce masa tuni 'yan gwangwan suka wuce da su. A makon nan Mai Unguwa ya aiko masa a kan ƙarar asuba, don haka yanzu idan zai yi sammako, shi da yaron motarsa ne ke tura ta har bakin layi kafin ya murza makulli.