Kyamarar Tsaro Mai Batir da Yadda Take Aiki a Kudancin Kaduna

Kyamarar tsaro mai batir na'ura ce da ake kafawa a jikin katanga, a ƙofar gida ko a gaban shagon ajiyar citta, tana ɗaukar bidiyo ba tare da an jona ta da lantarki ba. A Kafanchan, Zonkwa da ƙauyukan Zangon Kataf, inda ɗauke wuta ba sabon abu ba ne, ta fi tsohuwar CCTV mai waya dacewa, domin ita waccan tana mutuwa da zarar wuta ta tafi, in babu janareta ko inbata.

Abin da ke sa batirinta daɗewa shi ne yawan barcinta. Akwai wani ɗan ido a gabanta, ana kiransa PIR, wanda ke jin ɗumin jikin mutum ko dabba daga nisan kamar mita 5 zuwa 10. Shi ke tashin ta, ta ɗauki bidiyo na 'yan daƙiƙu, ta aika saƙo zuwa wayar mai gida, sannan ta koma barci. Wannan tsari yana da aibi: mai saurin wucewa kan ɓace kafin ta gama farkawa. Haka kuma a zafin Maris da Afrilu, lokacin da ɗumin gari ya kusa na jikin mutum, idon kan rage kaifi.

Kamfanoni irin su Reolink, Eufy da Ezviz kan ce caji ɗaya na kai watanni. Hakan na yiwuwa ne inda motsi bai da yawa. Wadda ke fuskantar titin da 'yan acaɓa da awaki ke kai da komo tana cinye cajinta da wuri. Shi ya sa ake haɗa ta da ƙaramin farantin sola. Amma a watan Agusta, lokacin da hadari ke rufe sama kwana da kwanaki, farantin kan gaza, a hunturu kuma ƙurar harmatan na lulluɓe shi tare da gilashin kyamarar, sai an riƙa gogewa. Saboda ruwan damina mai ƙarfi na yankin, ana son mai lambar IP65 ko IP66, alamar da ke nuna tana jure ƙura da ruwa.

Da dare tana amfani da hasken infrared, wanda idon mutum ba ya gani, hoton ya fito fari da baƙi. Wasu na kunna fitila don a samu hoto mai launi, sai dai hakan na shan batir.

Ta fuskar sadarwa iri biyu ne: mai Wi-Fi da mai layin 4G na MTN, Airtel ko Glo. Ta biyun ta fi amfani a gona da ƙauye, muddin akwai sabis. Bidiyon na zama a katin memori ko a rumbun intanet na kamfanin, wanda galibi ake biya wata-wata. Ɓarawon da ya cire kyamarar ya tafi da katin, don haka ake kafa ta sama, kamar mita 3 daga ƙasa, tana kallon ƙofa, ba tsakar gidan maƙwabta ba.