Ƙarar Da Ke Gaban Alƙali Ita Ma Dukiya Ce

A ce wani falke a Kebbe yana sayen gero da dawa bashi daga manoma, yana kaiwa kasuwar Tambuwal. Sai jarinsa ya karye. Ana bin sa naira miliyan 3, abin da ya mallaka kuwa bai wuce na miliyan 1 ba. Idan aka raba, kowane mai bin bashi zai tashi da sulusin haƙƙinsa ke nan. To amma falken ya riga ya kai ƙarar wani mai mota da ya salwantar masa da kayan miliyan 2, kuma bai faɗa wa kowa ba. Shin wannan ƙara tana cikin dukiyarsa?

Tana ciki. Duk haƙƙin da mutum yake bi a wuyan wani dukiya ne, ko da bai shigo hannu ba. A lissafinmu, shi ne ma zai cike giɓin har a biya kowa cif.

A fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan ƙasar Sakkwato suke hukunci da shi, ana kiran wanda bashi ya cinye dukiyarsa mufallis. Alƙali yakan hana shi taɓa ta, ya raba wa masu bi gwargwadon haƙƙinsu, ya bar masa sutura da ɗan abincin iyali. Wanda ya ce ba shi da komai, sai ya rantse cewa ba shi da dukiya ta fili ko ta ɓoye. Ragowar bashin kuwa yana nan a wuyansa har ya samu hali.

A Amurka lamarin ya sha bamban, domin a can kotu takan yafe ragowar. Saboda haka suka tsananta wata ƙa'ida da za mu kira hana magana biyu, watau wanda ya faɗi magana a gaban wata kotu har ya ci moriyarta, ba a barinsa ya zo da kishiyarta a wata kotun. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 tana da makamanciyarta a sashe na 169.

A 2006 wata kotun ɗaukaka ƙara da ke Shikago ta yi aiki da ita a kan wata ma'aikaciyar gidan waya. Tana neman diyyar dala 300,000 daga ma'aikatarta, amma a takardun karayar arziki ta nuna ba ta bin kowa irin wannan haƙƙi, har aka yafe mata bashin kusan dala 98,000. Da ta koma neman diyya, kotu ta ce bakin alƙalami ya bushe.

A ganina, akwai inda ƙa'idar take ɗingishi. Idan aka kori ƙarar falkenmu, wa ya ci riba? Mai motar da ya yi ɓarna. Manoman kuwa, waɗanda ba su yi wa kowa ƙarya ba, sun tashi da sulusi. Ban da haka, mutum nawa ne zai san cewa shari'ar da ba a yanke ba ana lissafa ta tare da shanu da rumbu? Shi ya sa kotuna da dama suke barin wakilin da aka ɗora a kan dukiyar ya ci gaba da ƙarar domin amfanin masu bin bashi. A 2017 ma kotun ɗaukaka ƙara da ke Atlanta ta sassauta matsayinta, ta ce kafin a kori ƙara sai alƙali ya duba ilmin mutumin, da ko ya sanar da lauyansa, don a bambance mai ha'inci da wanda bai sani ba.