Littafin Masu Ciniki Ya Fi Rumfa Daɗewa

Jama'a, rumfa tana iya tashi dare ɗaya. A watan Maris na 2016 gwamnatin Jihar Legas ta rufe kasuwar Mile 12 bayan wata tarzoma. A watan Fabrairu na 2021 kuma aka ƙona rumfuna a kasuwar Shasha ta Badun. Ran da irin wannan ta auku, ɗan kasuwar da bai san masu sayen kayansa ba sai a fuska, da shi da sabon shiga duk ɗaya ne.

Saboda haka ka nemi littafi. Duk matar da ta zo sayen albasa har sau uku, ka roƙi lambar wayarta, ka rubuta tare da irin kayan da takan saya. Amma fa ka nuna mata ribarta tukuna. Ka ce, "Madam, da zarar mota ta iso daga Aliero, ke za ki fara ji, har da kuɗin buhu." In ta ga amfani, gobe ita za ta kawo maka maƙwabciyarta.

Sai dai a kiyaye. Kada ka dame su da saƙo, sau ɗaya a mako ya isa. Kada ka ba wani lambar mutum ba da izininsa ba, gama amana ce, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Daga ƙarshe ka kwafe littafin, ka ajiye ɗaya a gida, kada gobara ta haɗa da shi.

Allah ya ba da kasuwa.