Kwamfuta 'Yar Ruwa Biyu: Kada A Yi Garajen Buɗe Ta

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya ratsa kasuwar kwamfuta ta Otigba a Ikeja, ko kuwa ta Alaba, zai ga wata irin na'ura a cikin kayan tokumbo, wadda ita ba waya ba, ba kuwa kwamfutar da muka saba gani ba. Gilashi ne guda kamar allon karatu, kana shafa shi da yatsa, in ka manna masa kibod kuma ya zama kwamfuta sosai. Wadda ta fi suna ita ce Surface Pro ta kamfanin Microsoft na Amurka, wadda ta fara fitowa cikin 2013. Akwai kuma Yoga ta kamfanin Lenovo, da ta fito cikin 2012, wadda kibod ɗinta ba ya cirewa sai dai a naɗe shi ta baya. 'Yan'uwanmu da ke nan Kudu, 'yan canji da masu fiton kaya a Afafa da ɗalibai a Badun, suna son ta saboda rashin nauyi.

To, amma akwai abin da mai sayarwa ba safai yakan faɗa ba. Tsofaffin Surface da gam aka like fuskarsu, ba da kusa ba. Kafin a kai ga batir sai an gasa gefen gilashin an ɓamɓare shi a hankali, kuma ko gwani yakan fasa. Kamfanin iFixit, wanda aikinsa ke nan kwance na'urori ya ga sauƙin gyaransu, maki 1 cikin 10 ya ba Surface Pro ta fari. Watau dai mutum ya je da ciwon sisi ya dawo da na sule. Saboda haka wajibi ne a gwada abin da za a iya a gida tukuna.

In ta ƙi tashi, fuska baƙi ƙirin, yawanci ba mutuwa ta yi ba, suma ce. Danne maɓallin kunnawa har sakan 20, kada ka saki don ka ga shiru. A tsofaffi irin su Pro 3 da Pro 4, danne shi sakan 30, ka saki, sa'an nan ka haɗa shi da maɓallin ƙarin murya ka danne duka biyu sakan 15, ka jira kaɗan ka kunna. Dubi caja kuma. A bakinta akwai 'yar fitila. In ba ta kama ba, juya bakin ka sake mannawa, gama ta kowane gefe yana shiga. Bakin nan maganaɗisu ne, yana jan ƙurar ƙarfe daga cikin jaka. A goge shi da robar fensir.

Haka kibod. Raɓar damina ta Ikko da gumin hannu sukan dushe 'yan ƙarafan da ke haɗa shi da allon. A cire, a goge da auduga da ɗan sifirit na kemis, a bari ya bushe. In kuwa naɗe kibod ɗin ka yi ta baya ka ga haruffa sun daina aiki, ba lalacewa ba ce, haka aka yi shi don kada hannu ya riƙa buga shirme.

Ga gwajin da nake ganin ya kamata kowane mai Surface ya haddace, don shi ne ke raba gardama tsakaninka da mai gyara. Kashe ta ɗungum. Danne maɓallin ƙarin murya, kana riƙe da shi ka taɓa na kunnawa, kada ka saki na muryar sai tambarin kamfanin ya bayyana. Za ta kai ka wani shafi da ake kira UEFI, wanda ke aiki tun Windows bai farka ba. A nan shafa gilashin, taɓa kibod ɗin. In sun amsa, to jikin na'urar lafiya lau yake, laifin na Windows ne, maganinsa kuwa a haɗa ta da intanet ta sauke sababbin gyare-gyaren kamfanin, ba sai an sa mata wuƙa ba. In ba su amsa ba ko a nan, to lalle ciwon a jiki yake. Wanda ya je shago da wannan sani a ka, da wuya a ce masa gilashinsa ya mutu alhali da ransa.

Amma fa kallo kawai za ka yi a shafin nan ka fita, kada ka canza kome. Dalili kuwa, yawancin na'urorin nan suna kulle abin da ke cikinsu da wani makulli mai suna BitLocker. In ya ga an taɓa tsarin, sai ya tare ƙofa ya nemi lamba mai alƙaluma 48. Lambar tana ajiye ne a asusun Microsoft na wanda ya shirya na'urar tun farko. In tokumbo ce ba a wanke ta ba, mai asusun yana can Ingila bai san kana yi ba, lissafin bashinka da takardun kayanka kuwa sun tafi ke nan, ba mai gyaran da zai fito da su. Yau ɗin nan ka nemi lambar ka rubuta a takarda, ka ajiye inda kake ajiye rasit.

Abu biyu ne ba na gida ba. Na fari batir ya kumbura: za ka ga gilashi ya ɗago ta gefe, ko wani tabo rawaya a fuskar. Daina caji, kada ka danna shi ya koma, don yana iya kama wuta. Zafi ne ke jawo shi, da barin na'ura a jone dare da rana. Iyakar zafin da kamfanin ya yanka mata awo 35 ne, kowa kuwa ya san yadda cikin mota yake a go-silo da azahar. Wanda tasa kullum a tebur take a jone, akwai inda ake tsayar da cajin a kashi 50 cikin 100, sai dai a nemo lambar nan tukuna kafin a taɓa.

Na biyu rawar fuska ta Pro 4, inda rubutu ke karkarwa in ta ɗau zafi. Cikin 2018 Microsoft ya amsa laifin daga ƙira ne, ya riƙa musanya wa waɗanda ba su wuce shekara 3 da saye ba. Wannan dama ta wuce tuni. Waɗansu har firji suka riƙa sa ta, abin da ba ya ƙara mata kome sai raɓa a ciki. Sai dai sabon gilashi.

Mai shirin saye kuma ya lura: ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba, Pro 4 da Pro 5 kuwa ba sa cikin waɗanda ya yarda su hau Windows 11. Daga Pro 6 abin ya fara. Pro 8 ta 2021 da yawancin na bayanta suna da 'yar ƙofa a ƙarƙashin majingini, inda ake zare ma'ajiyar takardu ba tare da an taɓa gilashi ba. Kafin ka ƙirga kuɗi, sa mai shagon ya wanke ta a gabanka, ka shiga da asusunka, ka bar ta a kunne rabin sa'a ka ga ko fuskar za ta yi rawa.